Bindigar iska mai karyawa ko mai kafaffen bututu: wane lako-lako ne ke ɓata saiti?

Duk wanda ya taɓa tsayawa inda ake cinikin bindigar iska ta hannu ya san yadda ake yi. Mai saye zai ɗauka, ya kai ta kusa da kunne, ya girgiza. In ya ji wani abu na kacau-kacau a ciki sai ya yatsine fuska ya mayar. In ya ji shiru, sai a shiga maganar kuɗi. Gwajin nan ba ya raba mai kyau da marar kyau. Akwai bindigar da ke ƙara kamar za ta warwatse a hannu, amma ta riƙa zuba dalma a rami ɗaya. Akwai kuma wadda ko tari ba ta yi, amma harbi biyar wuri biyar.

Dalili kuwa a fili yake. Idonka saiti yake bi, dalma kuma bututu take bi. Muddin saiti da bututu suna ɗaure da juna, ba ɗaya da ke kaucewa ya bar ɗan'uwansa, to sauran sassa su yi ta rawarsu, ɓarnar da za su yi kaɗan ce. Ranar da wasa ya shiga tsakanin waɗannan biyun, ko da bai kai kaurin farce ba, saiti ya tafi.

Manyan bindigogin soja ma a kan wannan ƙa'ida suke. Mikhail Kalashnikov da gangan ya bar sarari tsakanin sassan da ke kai-komo a cikin AK-47, wadda sojan Tarayyar Sobiyat suka karɓa a 1949, domin yashi da laka da dattin albarushi su sami wurin zama ba tare da sun cije ta ba. Murfin samanta siririn ƙarfe ne da ke ɗan motsi, shi ya sa ba a ɗora saitin baya a kansa ba. An kai shi gaba, kan wani dunƙulen ƙarfe da ke maƙale da bututu. M16 ta Amurka, wadda ta samo asali daga zanen Eugene Stoner, gida biyu ce, na sama da na ƙasa, ƙusoshi biyu ne ke haɗa su. Masu irin wannan bindiga a can suna yawan ƙorafi kan ɗan wasan da ke tsakanin gidajen biyu, har ana sayar da wata 'yar roba da ake cusawa don a kashe motsin. Amma bututu da saiti duka a gidan sama suke. Na ƙasa kunama yake ɗauke da ita, da ƙota, da gidan harsashi. Robar takan sa bindiga ta yi daɗin riƙo, mai harbi ya ƙara nutsuwa, amma ba ta canja inda bututu ke kallo idan an gwada da saiti.

A bindigar iska mai sifirin, wadda ita ce aka fi gani a hannun masu harbin kurciya da gafiya da masu tsaron rumbu, wannan magana ce ke raba zaɓi gida biyu.

Yadda kowacce take

Mai karyawa ita ce wadda kowa ya sani. Ka doki bututun kusa da baki, ya karye ƙasa, ka ja shi har sifirin ya ɗanu, ka sa dalma a gindin bututu, ka mayar ya kulle. Bututun shi ne hanyar dalma, shi ne kuma sandar ɗanawa. Kenan a kowane harbi sai ya bar mazauninsa ya dawo. Diana 34 da Weihrauch HW35 da HW95 na Jamus, da yawancin Gamo na Sifen da Hatsan na Turkiyya, da 'yan Cana masu araha irin B2, duk wannan gida suke.

Mai kafaffen bututu kuwa, bututunta a dashe yake a jikin silinda, wato gidan ƙarfen da sifirin da fistin mai matse iska ke ciki, ba ya zuwa ko'ina. Akwai liba daban ta ɗanawa, ko dai a ƙarƙashin bututu kamar HW77 da HW97 da Air Arms TX200 ta Ingila da B3 ta Cana, ko a gefe kamar Diana 48. In ka ja libar, wata kafa takan buɗe a sama ko a gefe, ta nan kake zura yatsu ka sa dalma.

A kan takarda maganar ta ƙare: abin da ba ya motsi ya fi abin da ke motsi. Tarihin gasa ma ya goyi bayan haka. A harbin mita 10 na gasar Olamfik, ɗigon tsakiya mai maki goma rabin milimita ne faɗinsa, dalmar kuma milimita 4.5, kuma tuni masu wannan gasa suka bar bindigogi masu karyawa. Feinwerkbau 300 mai liba a gefe ta yi tashe a shekarun 1970. HW77, wadda ta fito a 1983, ta mamaye gasar harbin fili a Birtaniya a shekarun da suka biyo baya. Sai dai kai ba lallai ne ɗigon rabin milimita kake nema ba, kuma a nan ne lissafin yake ɗan sauyawa.

Rabin milimita a baki, nawa ne a can?

Ka ɗauka tsawon bututu daga gaɓar karyawa zuwa baki santimita 40 ne. A ce ka rufe shi wannan karon, bakin ya zauna rabin milimita ƙasa da inda ya zauna ɗazu. Ido ba zai gani ba, hannu ma da ƙyar ya ji. Rabin milimita a cikin milimita 400 kashi ɗaya ne cikin 800. A nisan mita 20 ya zama santimita biyu da rabi. A mita 30 ya kusa santimita 4. A mita 40, santimita 5 cif. Wurin da ake so a samu a kan gafiya ko a jikin kurciya domin ta faɗi nan take bai wuce santimita biyu zuwa uku ba. Abin da ya kauce daga nan ko dai kuskure ne, ko kuma, wanda ya fi muni, ka raunata dabba ta shige rami ta mutu a hankali.

Amma lura da wani abu da masu sayarwa ba su cika faɗa ba, watakila don su ma ba su kula ba. A yawancin masu karyawa, saitin ƙarfe na asali, wato 'yar tsagar baya da ɗan tsinken gaba, dukansu a kan bututun suke. Tsagar tana kan dunƙulen gindin bututu, tsinken yana baki. In bututu ya zauna ƙasa kaɗan, tare da saitinsa ya zauna. Ka daidaita tsinke a cikin tsaga, ka ɗora a kan abin harbi, bututun can yake kallo. Shi ya sa za ka ga tsohuwar mai karyawa, gaɓarta ta saki kamar ƙyauren da fatarsa ta gaji, amma dattijon da ke riƙe da ita bai cika kuskuren kurciya a mita 15 ba.

Madubin hange shi ke tono asiri. Ba a kan bututu ake ɗaure shi ba, a kan silinda ake ɗaure shi, a bayan gaɓa. Daga ranar da ka sa madubi, gaɓar karyawa ta shigo tsakanin idonka da dalma, kuma duk wasan da ke cikinta a takardar da kake harbi zai fito. Mutum yakan sayi madubi da tsada, ya ga harbinsa ya lalace maimakon ya gyaru, ya ɗora wa madubin laifi, ya sake sayen wani. Sau da yawa madubin farko lafiyarsa ƙalau.

Don haka tambayar farko da za ka yi wa kanka kafin ka taɓa aljihu ita ce: da saitin ƙarfe zan yi harbi ko da madubi? Rabin zaɓin a nan yake.

In mai karyawa ce, ga inda za ka duba

Ba duk mai karyawa ce ke sakin jiki ba. Bambancin mai kyau da ta banza a gaɓar nan yake, kuma ana iya ganinsa da ido.

Dubi abin da bututun ke juyawa a kai. A masu kyau noti ne mai zare da ya ratsa daga wannan gefe zuwa wancan, da siraran washa a kowane ɓangare. In shekaru suka ja ya fara wasa, sukundireba da ɗan giris sun isa, ko a canja washa. A wasu masu araha kuwa ƙusa ce kawai aka buga, babu abin ɗaurewa. Ranar da ta saki, ta saki ke nan, sai dabarun makeri, kuma matse kunnuwan silinda da guduma ko da matsi abu ne da in an wuce gona da iri ba ya komawa. Ni dai in na ga ƙusa a wurin noti, ko nawa aka rage mini ba na sa rai da madubi a kanta.

Gwajin gefe da gefe: ka tabbata babu dalma a ciki, ka riƙe silinda da hannu ɗaya, ka kama bakin bututu da ɗayan, ka tura hagu da dama. Bai kamata ka ji ko ɗan ƙwas ba. Sannan gwajin nauyi: bayan ka ɗana, hannunka na riƙe da bututu, yatsanka nesa da kunama, ka ɗaga bututun zuwa rabin hanya ka sassauta riƙo kaɗan. Gaɓa mai daidai za ta riƙe shi a inda ka bar shi, ko ya sauka a hankali. In ya faɗo da nauyin kansa yana lilo, notin na neman ɗauri. In kuwa sai ka yi kokawa da shi, an matse shi fiye da kima, kuma ƙarfe zai ci ƙarfe.

Sai makullin. Ƙarƙashin gindin bututu akwai ɗan haƙori ko ƙwallon ƙarfe da ƙaramin sifirin ke turawa, shi ke riƙe bututu a rufe. In ya cinye ko sifirinsa ya mutu, bututu zai riƙa zama sama yau, ƙasa gobe. Alamarsa a takarda ita ce ramukan dalma su jeru a tsaye, wani bisa wani. In sun bazu a kwance, hagu zuwa dama, ka fi zargin wasan gefe. Weihrauch sun ga wannan matsala tun shekarun 1950, shi ya sa HW35 take da sakata ta musamman da sai ka danna da yatsa kafin bututu ya karye. Har yau ana ƙera ta.

Akwai kuma zoben roba, a tsofaffi na fata, da ke kewaye da ramin gindin bututu. Shi ke hana iska tserewa a mahaɗa. Ka ɗora ɗan yankin tishu a kan mahaɗar, ka harba a wuri mai aminci. In tishun ya yi tsalle sama, iska na fita. Dalma za ta riƙa fita da ƙarfi daban-daban, kuma a nesa wannan ma jeri a tsaye yake haifarwa. Zoben ba shi da tsada, matsalar dai samun daidai girmansa.

Abu ɗaya da ake rikita shi da lako-lako alhali ba shi ba ne: sunkuyon bututu. Masu karyawa da yawa, har da masu suna irin Diana 34, bututunsu na ɗan kallon ƙasa idan an gwada da layin silinda. Ka sa madubi, ka murɗa shi har ƙarshe, dalma na faɗawa ƙasa. Wannan ba wasa ba ne, domin kullum a wuri ɗaya yake zama. Akwai maɗaurin madubi mai ɗan gangare da aka yi don haka. Bindiga mai sunkuyo amma mai kulle gam ta fi wadda take miƙe sambal tana rawa.

Abin da kafaffen bututu ke karɓa a hannunka

Ba kyauta take ba da daidaiton nan ba. Na farko nauyi. HW97 ko TX200 ta kai kilo 4 tun kafin a ɗora madubi, alhali HW95 ba ta kai kilo uku da rabi ba, ƙananan masu karyawa kuma suna wajen biyu da rabi. A kan benci nauyin nan alheri ne, yana shanye girgizar sifirin. A kafaɗa, daga hantsi zuwa la'asar a cikin gona, wani labari ne.

Na biyu sa dalma. A mai karyawa gindin bututu na fitowa fili, ko da duhun magariba ka laluba ka sa. A mai liba sai ka zura yatsu biyu cikin ƙaramar kafa, sau da yawa ƙarƙashin madubi, dalma ta suɓuce ta faɗa ciki, ka juya bindiga kana karkaɗawa. Tsuntsu ba ya jiran wannan.

Na uku shi ne wanda ba na so a ɗauka da wasa. A yawancin masu liba, lokacin da yatsunka ke cikin kafar nan, abin da ke tsakaninsu da ƙarfin sifirin gaba ɗaya ɗan maƙalin kunama ne, sai kuma sakatar kariya in akwai. Masu tsada suna da ita. TX200 ma sai ka danna wani maɓalli a gefe kafin liba ta koma. 'Yan araha irin tsofaffin B3 sun yi ƙaurin suna wajen datse yatsa. Kowace iri ce, hannu ɗaya ya riƙe liba gam, ƙota a tokare, sannan ɗayan ya sa dalma. Mai karyawa ma tana da nata haɗarin: in kunama ta tashi bututu na buɗe, zai make sama da ƙarfi, ya lanƙwashe, wani lokaci ƙota ta tsage, in fuska na kusa kuma a sami rauni.

Sai ƙura. Da hunturu, kafar mai liba a buɗe take kai tsaye kan sassan da ke zamewa da giris, ƙura kuwa in ta haɗu da giris ta zama abin goge ƙarfe. Mai karyawa ka share mahaɗa da tsumma, ka zura igiyar wanki ta gindin bututu, an gama. Kada dai a ɗiga baƙin mai ko man keken ɗinki ta ramin iska, ko a wacce. Matsin da fistin ke yi yana kunna man, ka ji ƙara kamar ta albarushi, hayaƙi ya fito, roba ta ƙone, sifirin ya karye kafin lokacinsa.

Kuma kada kalmar kafaffen bututu ta rufe maka ido. Mai liba ta araha, wadda kunamarta ke da tauri sai ka ja da ƙarfi, zaren cikin bututunta kuma ba a yanka shi da kyau ba, ba za ta kama ƙafar mai karyawa ta kirki ba. Kawar da gaɓa matsala ɗaya ta kawar, sauran suna nan.

Wasan da ke addabar su duka

Kafin ka yanke wa kowace bindiga hukunci, duba notunan ƙota. Yawanci biyu ne a gaba, hagu da dama, sai ɗaya ko biyu a wajen kariyar kunama. Bindigar sifirin tana girgiza gaba da baya a kowane harbi, kuma tana fara motsi tun dalma ba ta bar bututu ba. In ƙarfe na zamewa a cikin katako, kowane harbi da irin tsallensa. A ƙasarmu katako kan kumbura da damina ya tsuke da rani, don haka notin da ka ɗaure a watan Agusta kana iya samunsa sako-sako a Fabrairu. Wannan ne lako-lakon da ya fi yawa, shi ne kuma mafi sauƙin gyara. Masu sifirin mai ƙarfin gaske, irin waɗanda ake rubuta wa gudun ƙafa 1000 ko fiye a daƙiƙa a jikin kwali, su suka fi kwance notunansu, su suka fi wuyar harbi daidai.

Maɗaurin madubi shi ma haka. Girgizar nan na tura shi baya kaɗan-kaɗan a kan layinsa. Ka ja layi da fensir a gindin maɗauri, ka yi harbi ashirin ko talatin, ka sake dubawa. In ya bar layin, kana bukatar maɗauri mai ɗan ƙusar tsayarwa da ke shiga ramin da ke saman silinda. Madubin ma sai wanda aka yi don bindigar sifirin; wanda aka yi don bindigar harsashi yakan kwance daga ciki.

Dalma kanta wani sashe ne da ko dai ya zauna daidai ko ya yi wasa. Wadda ke faɗawa cikin bututu ba tare da ka tura ba ta yi ƙanƙanta. Kamfanoni irin JSB da H&N har rubuta girman kai suke yi a gwangwani, 4.50 ko 4.51 ko 4.52, domin bambancin da bai kai kaurin gashi ba yana iya tara harbi ko ya watsa shi. Riƙo kuma: kada ka ɗora bindigar sifirin kai tsaye kan katanga ko reshe. Shimfiɗa tafin hannu, ka ɗora ta a kai, ka bar ta ta yi motsinta iri ɗaya kowane karo.

Akwai ta uku, wadda ake kira PCP, mai tankin iska da ake cikawa da famfo har matsin iskar ya kai wajen bar 200 a ma'auni. Bututu a kafe, babu sifirin mai girgiza, ita ce 'yan gasa ke riƙewa yau. Amma kuɗinta da na famfonta, da zobban roba da in ɗaya ya tsage sai ka jira a kawo daga waje, sun sa ta zama maganar wata rana.

To wacce?

In yawo kake yi a gona ko bakin fadama, harbinka bai wuce mita 20 zuwa 25 ba, kuma idonka na ganin tsinke da tsaga, ɗauki mai karyawa mai noti a gaɓa, matsakaicin ƙarfi, ka bar madubi. Ta fi sauƙi a kafaɗa, ta fi saurin sa dalma, kuma duk abin da ya saki a jikinta kana iya ɗaure shi da kanka. In ido ya fara gajiya dole sai da madubi, ko kana harbi daga mita 30 zuwa sama, ko takarda kake hudawa kana auna ramuka, to kuɗinka ya fi amfani a kafaffen bututu na kamfanin kirki, ka haƙura da nauyin. In kuɗin bai kai can ba, gara mai karyawa mai kyau da madubi a kai da mai liba ta araha. Ka kuma tuna cewa a Najeriya Dokar Makamai ta 1959 ta sa bindigar iska cikin jerin waɗanda sai da lasisin 'yan sanda ake riƙewa, don haka a fara da takarda kafin ciniki.

Ta hannu ce za ka saya? Kada ka biya sai an bar ka ka gwada, a wurin da bayansa tudu ne ko katangar ƙasa, ba hanyar mutane ko dabbobi ba. Kafa kwali a mita 20, ka yi harbi biyar da saitin ƙarfe, kana rufe bututu a hankali. Sake yin biyar a wani ɗigon, wannan karon kana rufe shi da ɗan ƙarfi. In akwai madubi, maimaita duka biyun da shi. Idan tarin farko da na biyu sun zauna wuri ɗaya da saitin ƙarfe amma sun rabu da madubi, gaɓa ko makulli ne, sai ka duba ko noti ne da za ka iya ɗaurewa, ka nemi ragi. Idan ko da saitin ƙarfe ma a watse suke bayan ka ɗaure notunan ƙota ka canja dalma, matsalar na iya zama a cikin bututun ko a zoben mahaɗa, ka mayar wa mai ita kayansa.